Ɗinkin Baduku a Kan Cizon Doki

Ko tsufa zai kwashe mini duk abin da ke kaina, ba na jin zai iya ɗauke wata Talata ta cikin damina, ranar da taubashina Buhari baduku ya shigo ɗakin wankin ciwo da hannun hagu naɗe cikin tsumma. Ku da kuka zo aiki a bayana kun sha jin gutsattsarin labarin a bakin masu ƙarin gishiri. Gara ku ji shi daga bakin wanda ya yi ɓarnar.

Sunana Altine. Na yi shekara talatin da 'yan kai a ƙaramin asibitin unguwa a Mabera. Karatuna aji huɗu ne na firamare, shi ma malaminmu ya fi ni murna ranar da na bari. Da shara na fara, daga baya aka ɗaga ni zuwa atenda. Ga wanda bai san tsarin ƙaramin asibiti ba, a sama akwai incaji, wato babbar nas mai riƙe da wurin. Ƙarƙashinta akwai sauran nas-nas da ma'aikatan lafiya, sai mai ba da magani, sai mai yankan kati, sannan atenda. Ƙasa da ni babu kowa sai tsintsiya. Aikina in dafa almakashi da hantsaki, in yanka auduga da bandeji, in riƙe mara lafiya idan za a yi masa abin da ba ya so, in kuma wanke ƙananan raunuka. Abu biyu aka haramta mini: allura da ɗinki. Ɗinkin nan kuwa ya daɗe yana ba ni sha'awa. Nakan tsaya ina kallon hannun nas kamar mai kallon ana rabon nama.

Akwai kuma wata doka da aka liƙa a bangon ɗakin da Turanci. Ban iya karanta ta ba, amma an fassara mini ita ya fi sau goma: duk wanda ya zo da cizo, ba a rufe ciwon sai incaji ta gani da idonta. Incajinmu a lokacin Sista Rifkatu ce, mutuniyar Filato, Kirista, ta yi shekara ashirin a Sakkwato har 'ya'yanta sun fi ni iya zagi da Sakkwatanci. Gajera ce, ba ta ɗaga murya, amma idan ta cire tabarau ta dube ka, sai ka tuna laifin da ka yi bara.

Talata ranar rigakafin jarirai ce. Tun da safe mata suka cika rumfa, Sista da nas biyu suna can ba su da lokacin haɗiye yawu. Ni kaɗai ne a ɗakin wankin ciwo da hantsi, sai ga Buhari. Ɗan kawuna ne, ni ɗan mace shi ɗan namiji, saboda haka tun muna yara ba mu taɓa yi wa juna magana mai daɗi ba. A Ƙofar Kware yake dukanci, kuma a wajen kayan doki, ragama da linzami da kwalliyar sirdi, ban san wanda ya fi shi ba. Wannan ban taɓa faɗa a gabansa ba.

"Ɗan mace," ya ce, "taho ka ga aiki. Kai da ka tsuhwa kana kallon ɗumki ba ka taɓa yin ko guda ba."

Ya warware tsumman. Ciwon ya taso daga gindin babban yatsa ya lanƙwasa zuwa wuyan hannu kamar jinjirin wata. Ta wajen tafi akwai sawun haƙora, fatar ta yi baƙi amma ba ta yage ba. Ta bayan hannu ne ta yage, kuma a nan na ga abin da ya kashe mini baki. An ɗinke ciwon tsaf da baƙin zare mai kakin zuma, ɗinki goma sha ɗaya, kowanne daidai da ɗan'uwansa, kamar bakin kuben wuƙa. Wallahi na ga ɗinkin nas, na ga na likita, ban taɓa ganin mai kyan wannan ba.

"Wa ya yi maka wanga?" na tambaye shi.

"Wa ka iya in ba ni ba? Da hannun dama, ina jan zare da haƙori."

Sai ya ba ni labari. Wani Alhaji a Ƙofar Taramniya mai kiwon doki don sha'awa ya sayo sabon ingarma, kili, wato farin doki, ya aika a kira Buhari ya yi masa ragama. Su dukawa irin na da ba su yarda da tef ba, da taƙi suke awo, su ɗora hannu a kan dabba su ƙirga. Buhari ya isa jiya Litinin da la'asar, ya tarar an zuba wa dokin dawa yana ci. Mai kula da dokin ya ce a bari ya gama. Buhari ya ce shi tun kafin a haifi kakan dokin nan yake auna kan dawaki. Ya ɗora hannun hagu a kan hancin. Dokin ya cafke shi, ya ɗaga, ya girgiza sau biyu, sannan ya sake shi ya ci gaba da cin dawarsa.

"Ka wanke?" na ce.

"Na zuba ruwan buta. Na barbaɗa garin bagaruwa, jini ya tsaya, na ɗumke. Ni da ba ni zuwa nan, matata Hajara ta matsa. Shahwa man aidin ka ɗaure in tahi, aiki na jirana."

Ba zan yi muku ƙarya ba, dokar bango ta faɗo mini a rai. Har na ce masa bari in leƙa in kira Sista, tunda cizo ne.

"Cizon mi? Doki dai ba kare ba na. Ciyawa da dawa da kanwa, shi ke nan abincinai. Bai cin mushe, bai shiga bola. Ko malamai sun ce yawun doki bai ɓata tuhwa, kana salla da shi. Bakin kilin nan ya hi naka tsabta, kai mai cin goro."

Maganar ta shige ni, don ni ma haka na taso ina ji. A kaina, cizon da dokar ke nufi na kare ne da maciji. Amma akwai wani dalilin da ban faɗa wa kowa ba sai daga baya. Na san idan Sista ta zo za ta sa almakashi a ɗinkin nan, ni kuwa tausayin ɗinkin nake ji. Ba tausayin Buhari ba, na ɗinkin.

Na shafa aidin a sama, na ɗora auduga, na naɗe da bandeji tamau, na bi da filasta riɓi biyu. Da bakina na ce masa kada ya bari iska ta shiga, ya dawo ranar Juma'a. A babban littafin da muke rubuta sunan kowa da abin da ya kawo shi, na rubuta "yanka". Na koma dafa almakashina ina jin kaina kamar wani babban likita.

Bai kai Juma'a ba. Ranar Alhamis da safe, ina share baranda, ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofa, Buhari a baya ya rungume hannun a ƙirji, Hajara matarsa na biye a wani babur. Bai zage ni ba. A nan na san abin ya yi tsanani, don Buhari bai taɓa ganina ya ƙyale ni ba.

Tun kafin in gama warware bandejin wari ya bugi hancina. Hannun ya kumbura kamar an hura salka, fatar na sheƙi, yatsun sun yi tsaye ba su lanƙwasuwa. Kumburin ya wuce wuyan hannu. Ɗinkin yana nan daram, ko ɗaya bai saki ba, sai dai zaren ya nutse cikin nama, kuma wata mugunya mai ruwan ƙasa tana tsattsafowa ta tsakani. Jikinsa zafi rau. Hajara ta ce kwana biyu bai ci abinci ba, kuma kaluluwa ta fito masa a hammata.

Na tsaya da bandejin a hannu. Ina iya sake wankewa in naɗe in ce ya tafi babban asibiti da kansa, babu wanda zai san na taɓa shi. Na dubi hannun. Da shi yake riƙe fata yana huda ta da basilla, kuma mutum tara ke ci daga wannan sana'a. Na ajiye bandejin na tafi ofishin Sista.

Ta zo, ta duba, ta ce a kawo mata littafi. Ta bi da yatsa har ta kai Talata.

"Baba Altine, ka rubuta yanka. Me ya yanke shi?"

"Doki, ranki ya daɗe."

"Dokin wuƙa ya riƙe?"

Na ce a'a. Ta cire tabarau. Na tuna laifin bara da na bara waccan. Amma ba ta tsaya a kaina ba, ta ce maganata tana nan zuwa, ta juya ga Buhari. Ta tambaye shi yaushe abin ya faru, me ya sa a ciki, wa ya ɗinke. Da ya ce da haƙori ya ja zaren, ta ce, "Malam Buhari, bakin doki bai ishe ka ba sai da ka ƙara da naka?" Ta tambayi lafiyar dokin: yana cin abinci, ba ya dalalar da yawu, bai canja hali ba? Ta ce dabba kowace iri tana iya ɗaukar ciwon haukan kare, don haka a aika wa mai dokin ya kira likitan dabbobi, a sa ido a kansa. Ta tambayi rabonsa da allurar tetanus, wadda ke kare mutum daga ciwon nan mai sandarar da muƙamuƙi. Ya ce tun yana saurayi. Nan take ta yi masa.

Sannan ta yi mana bayani, kuma ban manta ba don tana yi tana kallona. Ta ce haƙorin doki ba tsini gare shi ba, matsewa yake kamar filaya. Abin da ake gani a sama kaɗan ne, naman da ke ƙasa ya daddage, wani ya mutu. Bakin doki kuma, duk da ciyawa yake ci, cike yake da ƙwayoyin cuta irin nasa, waɗanda ido ba ya gani, kuma haƙoran sun tura su can ciki. Maganin irin wannan ciwo a wanke shi da ruwa mai yawa tun a ranar, a cire mataccen nama, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi a buɗe ya riƙa zubar da abin da ke ciki. Wanda ya ɗinke shi ya gina wa ƙwayoyin ɗaki, wanda ya naɗe da filasta riɓi biyu kuma ya sa musu ƙyaure.

"To, Malama," in ji Buhari da ƙyar, "malamai sunka ce yawun doki ba najasa ba na. Ƙarya sunka yi?"

"Ni ban isa in ce malamanku sun yi ƙarya ba," ta ce. "Su maganar salla suka yi maka. Ni maganar abin da ya shiga cikin namanka nake yi. Za mu farke ɗinkin nan yanzu, mu wanke, sannan in rubuta maka takarda zuwa babban asibiti."

Jin babban asibiti sai Buhari ya janye hannunsa ya ɓoye cikin riga. Ya ce maƙwabcinsa ya shiga can da ƙafa biyu ya fito da ɗaya. Ya ce a yi masa allura kawai. Ciwo a buɗe ƙudaje ne za su ci shi, kuma ɗinkinsa ba a taɓa farke shi ba tun da ya fara sana'a. In ba za a yi masa allura ba, zai je wurin wanzami ya kafa masa ƙaho ya zuƙe mugun jinin. Sista ta faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa idan ya koma gida da ɗinkin nan, zuwa Asabar ba maganar farkewa za a yi ba, maganar inda za a yanke ce. Hajara ta fashe da kuka. Shi kuwa ya miƙe yana tangaɗi ya fita.

Sista ta dube ni. "Baba Altine, kai ka ɗaure, kai za ka kwance. Na ba ka minti goma."

Na same shi a kan benci ƙarƙashin dogon yaro, jiri ya hana shi kaiwa titi. Na zauna kusa da shi. Na san idan na ce masa ƙwayoyin cuta, zai ce in nuna masa ɗaya. Idan na roƙe shi don Allah don Annabi, zai ce tun yaushe na zama malami. Sai na ce:

"Buhari, tambaya gare ni. Ina son jaka. Akwai hwatar akuya gidana, jiya anka feɗe ta, da sauran nama jikinta. In kawo maka ka ɗumke man?"

Ko cikin zazzaɓi sai da ya harare ni. "Mahaukaci ni ke? Ɗanyar hwata? Sai ta je majema, a kankare naman, a jiƙa ta, a wanke, ta sha iska. Sannan ta zo gare ni."

"In na matsa ka ɗumke ta haka nan hwa? Ai ɗumkinka na da ƙarhi."

"Ƙarhin ɗumki mi za shi yi maka, jahili? Wajenta shina sheƙi, cikinta na ruɓewa. Kwana ukku ba ka iya zama ɗaki guda da..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi rigarsa inda hannun yake, wurin har ya jiƙe. Wani mai rake ya wuce da baro yana kira.

"Ɗan mace," ya ce a hankali, "yau kai ka koya man dukanci?"

"Ni ma na gani ran Talata na ce ya yi kyau. Jakkai biyu mu ke. Tashi mu koma."

"In sunka yanke shi hwa?"

"Ina tare da kai har can. Duk wanda ya ɗauko zarto sai ya hwara da ni."

"To, ka ga amfaninka na hwarko a duniya."

Da ya zage ni na san ya yarda.

Sista ta yi masa allurar rage zafi, ta sa safar hannu, ta ɗauki almakashi. Ta yanke zare ɗaya ta ja, ya ƙi fitowa. Ta yanke na biyu, shi ma haka. Ta ce wannan wane irin ɗinki ne? Buhari, yana gumi yana cije leɓe, ya ce, "Malama, ɗumkin sirdi na. Zare biyu na, sun sarƙe juna. Ki hwara daga ƙarshe, ki ɗaga na sama, ki yanke na ƙasa." Haka aka yi. Shi yana nuna mata, ita tana yankewa, ni ina riƙe da kwanon silba a ƙasa. Sista ta ce masa da ya yi karatu da an yi likitan tiyata. Ya ce ai bai makara ba.

A ɗinki na shida ciwon ya buɗe da kansa. Ba zan ba ku labarin abin da ya zubo ba, kun san shi, kuma wasunku yanzu suka ci abinci. Bayan mugunya sai ga baƙin garin bagaruwa ya dunƙule kamar laka. Sista ta cika sirinji da ruwan gishirin asibiti tana fesawa ciki, leda ɗaya ta ƙare aka fasa ta biyu. Can ta sa hantsaki ta zaro wani ɗan abu ta ɗora a kan farar auduga, ta miƙo mana. Ƙaiƙayin dawa ne, daga bakin kilin Alhaji. Kwana uku yana kwance cikin hannun Buhari, ƙarƙashin ɗinki goma sha ɗaya da filastata.

Ta sa jiƙaƙƙen bandeji a ciki sakwa-sakwa, ta rufe sama-sama, ta rataye hannun a wuyansa yadda zai fi ƙirji tsawo. Ta ɗauki biro ta zagaye iyakar kumburin a kan fata, don a gane ko yana gaba ko yana baya. A takardar turawa ta rubuta cizon doki da manyan baƙaƙe, ta ja layi biyu. Ta ce masu gwaji suna bukatar sanin dabbar, don ƙwayoyin bakin doki ba su ne aka saba gani kullum ba, in ba a faɗa musu ba suna iya neman wani abu daban. Ta ce in raka shi, kuma in faɗa wa likita da bakina abin da na yi ranar Talata.

Na faɗa. Likitan saurayi ne, bai kai ɗana na fari ba, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Baba, gara da ka faɗa." Aka ɗauki hoton hannun, ƙashi bai karye ba. Aka dangwali mugunyar aka kai gwaji. Aka ɗaura masa ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Da likita ya ce za a shiga da shi tiyata a kankare mataccen nama, Buhari ya damƙe rigata da hannun dama har maɓalli ya tsinke. Likitan ya rantse masa kankara ce kawai. Da aka fito da shi, abu na farko da ya yi, ya ɗaga hannun ya ƙirga yatsun. Biyar.

Likitan ya ce mugunyar ta kusa kai wa jijiyar da ke motsa babban yatsa, da an ƙara kwana ɗaya ko biyu da labarin ya canja. Zuwa Asabar kumburin ya ja baya daga layin biron Sista. Da sakamakon gwaji ya fito, ya ce ƙwayar irin wadda ke zaune a bakin dawaki ce, ya faɗi sunanta sau biyu. Sunan ya fi sunan kakannina bakwai tsawo, kada ku tambaye ni. Kwana tara Buhari ya yi a kwance. Kilin Alhaji kuwa likitan dabbobi ya duba shi, lafiyarsa ƙalau, ko ciwon haƙori bai yi ba.

Ni ma na karɓi rabona. Sista ta ba ni takardar gargaɗi, wadda ake sa wa ma'aikaci a fayil. Ta sa na ja layi ɗaya a kan "yanka", yadda za a iya karanta kuskuren, na rubuta cizon doki a sama, na sa hannu. A taron ma'aikata na ranar Litinin ta sa na tashi na ba da labarin tun daga farko. Da na kai wurin tausayin ɗinki, mai yankan kati ya faɗo daga kan kujera don dariya, kuma shi ya laƙaba mini Likitan Dawaki. Sista ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ma da laifinta, tunda ta bar doka a bango cikin harshen da mai tsaron ɗakin ba ya ji. A cikin makon aka sake rubuta ta da Hausa, aka jera kare, kyanwa, doki, jaki, raƙumi, biri da mutum.

Bayan an sallamo Buhari, ni na riƙa wanke masa ciwon kullum da safe, Sista na dubawa. Wajen mako shida ina kallon naman yana cikowa daga ƙasa, ja-ja, har ya haɗe da kansa ba zare ba allura. Babban yatsan ya ɗan sandare, har yau ba ya lanƙwasuwa duka, amma yana riƙe fata. Kafin kaka ta ƙare ya koma rumfarsa. Tabon kuwa ya fito a murɗe, faffaɗa, ba fasali. Duk wanda ya je sayen kaya sai ya nuna masa ya ce, "Dubi aikin asibiti. Da kun ga nau na hwarko!" Ragamar kilin ma ya yi ta, amma da igiya mai kula da dokin ya auno masa.

Abin da nake so ku riƙe, ku sababbi, shi ne mutanenmu ba sa zuwa asibiti da ciwo yadda Allah ya saukar da shi. Kowa sai ya fara gwada kayan sana'arsa a jikinsa. Na ga makanike ya zuba man birki, na ga mai faci ya liƙe yanka da gam, na ga mai shayi ya shafa madarar gwangwani a ƙuna. Ba wauta ba ce. Abin da ya ciyar da su shekara da shekaru suka yarda da shi. Idan kuka yi musu Turanci za su tashi su tafi, idan kuka tambaye su yadda suke aikinsu, sau da yawa su za su faɗa muku maganin da bakinsu. Ku tambayi me ya ji musu ciwon, ku tambayi me suka sa, ku rubuta abin da suka faɗa, ba abin da zai rage muku wahala ba.

Cizo kuma, ko na wace dabba ce, ko ya zo muku a rufe tsaf yana ƙyalli, ku ajiye filasta ku je ku kira incaji, ko da tana tsakiyar cin abinci. Za ta yi faɗa, na sani. Faɗan incaji zuwa azahar ya wuce, hannun mutum kuwa ba a sayar da shi a kasuwa.